Shuɗin Fenti A Ƙarƙashin Gada

Ƙarfe takwas saura kwata na safiyar Talata aka kira Sufeto Wahab Gariba, yana tsaye a ƙofar wani shago a titin Grand Concourse da kofin shayi a hannu. Gada ta rufta a wata ƙaramar tashar jiragen ruwa da ke gaɓar Bronx, an ciro mutum ɗaya babu rai.

A takardar aiki shi jami'in bincike ne kawai. Amma tun ranar da ya ajiye kaki ya koma sa kwat mutanen Zango, 'yan uwansa da suka taso daga Kumasi da Nima, suka naɗa shi Sufeto, ba su ko tuntuɓi hukuma ba, sunan kuwa ya bi shi har ofis. Ya ajiye shayin bai kurɓa ba, ya faɗa mota.

Tashar ta wani ƙaramin kamfani ce mai dakon yashi da tsakuwa. Gadar ƙarfe ce ke haɗa tudu da inda jiragen ke tsayawa, tana zaune kan ginshiƙan ƙarfe da aka kafa cikin ruwan gishiri. Biyu daga cikinsu sun karye, gadar ta kife da baki cikin laka.

Gawar na kwance a gefe cikin farin ƙyalle. Da Sufeto ya ɗaga ƙyallen sai ya ga fuskar da ya sani. Fataw Ishawu ne, mai walda kuma mai nutso na kamfanin, mutumin da suke haɗa sahu da shi kusan kowace Juma'a a masallacin unguwar Morrisania.

"Me aka samu tare da shi?" ya tambayi ɗan kwana-kwanan da ya ciro shi.

Mutumin ya nuna masa wani babban jak na ɗaga mota da guntayen katako biyu masu kauri, duk sun sha laka.

Sufeto ya daɗe yana kallon jak ɗin kafin ya rubuta a littafinsa.

A ƙofar ofishin tashar wani dattijo na zaune kan kujerar roba, ma'aikata sun kewaye shi sun yi jugum. Alhaji Mutaru ke nan, shugaban ma'aikata. Shekarunsa sun doshi saba'in, kuma rabin mazan da ke tsaye a wurin shi ya tarbe su a filin jirgi, ya ba su tabarma a falonsa, ya nema musu aiki. Ko mahaifin Sufeto a gidansa ya fara sauka.

Sufeto ya ɗan rusuna. "Baba Alhaji, sannunmu da haƙuri."

"Wahab, kai aka turo? Alhamdulillahi. Gara na gida."

"Me ya kai Fataw ƙarƙashin gadar nan da sassafe?"

"Allah kaɗai ya sani, ɗana. Ni ban aike shi ba. Bakwai da rabi na iso na tarar abin ya riga ya faru, nan take na buga waya."

"Wa ke duba lafiyar ginshiƙan?"

Alhaji ya sa aka miƙo wani fayil. Rahoton shekara-shekara ne guda uku, kowanne ya ce ginshiƙai lafiya lau suke, kowanne kuma da sa hannun Fataw a ƙasa.

"Shi ke shiga ruwa, ni ba na shiga," in ji Alhaji, idonsa a ƙasa. "Abin da ya rubuta min shi na sani. Allah ya yafe masa."

A cikin ofis manajan kamfanin, wani Bature mai jan wuya, yana ta waya da lauya. Kalma ɗaya yake ta nanatawa har Sufeto ya gaji da jin ta, wai sakacin mai nutso ne.

Sufeto ya rufe fayil ɗin. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: wanda ya yarda gada lafiya take ba zai ɗauki jak ya shiga ƙarƙashinta ba.

Bayan la'asar ya hau tudun Highbridge, ya taka matakala har hawa na huɗu. Takalma sun cika bakin ƙofa. Mata na zaune jere a falo, wasu na jan carbi, wasu na kuka a hankali. Tahiratu, matar mamacin, mai aikin kula da tsofaffi, ta fito da shi kicin inda za su iya magana. 'Ya'yanta mata biyu suka laɓe a bakin ƙofa.

"Yaya Wahab, yaushe za a ba mu shi?"

"Sai likita ya gama, Tahiratu. Ina bakin ƙoƙarina."

Ta share ido da gefen mayafi. Ba kuka ne ya fi yawa a fuskarta ba, ɓacin rai ne.

"Tun azahar magana ta iso gidan nan. Wai Fataw ya yi saini a kan ƙarya, wai shi ya kashe kansa da ganganci, wai Allah ne ya tsare da ya kashe wasu. A falona ake faɗa, yarana suna ji. Babbar ta tambaye ni da Turanci ko babanta maƙaryaci ne." Ta dubi yaran a bakin ƙofa. "Ni ban roƙe ka komai ba. Kar dai a binne min miji da wannan sunan."

Maganar ta soki Sufeto, don ya san mutanensa. In suna ya manne wa mamaci a ranar jana'iza, har jikokinsa sai sun ji shi.

"Kwanakin nan kin ga wani canji a tare da shi?"

"Wata uku ke nan, duk Juma'a in an sauko sai ya bi gidan Baba Alhaji. In ya dawo ko waace na dafa, shinkafa da waken nan da ya fi so, sai ya tura kwanon gefe. Ran Lahadi ya ce min, 'Tahiratu, bana hannuna ba zai hau takardar nan ba.' Na ce wace takarda? Ya ce maganar wani ce, ba tasa ba ce da zai faɗa."

"Yaya suke da Baba Alhaji?"

"Ei, Yaya Wahab, kai ma ka sani. Shi ya kawo shi, shi ya karɓa masa aurena. Fataw ko ido ba ya haɗawa da shi."

Sufeto ya sauko matakalar nan. Ya so a ce wani suna daban ta ambata.

Washegari ƙarfe bakwai, lokacin da ruwa ya janye, ya koma tashar tare da Injiniya Ortiz, wata 'yar Bronx da hukuma ke ɗauka in ƙarfe ya ci amanar mutane. Gajeriya ce mai saurin magana, ba ta da haƙuri da wanda bai san aikinsa ba. Suka sa dogayen takalman roba suka gangara cikin laka.

Ta daki ginshiƙin da ya karye da ƙaramar guduma. Tsatsa ta zubo ɓawo-ɓawo, har ana hango haske ta cikinsa.

"Shekara huɗu kacal da gyara wurin nan," in ji ta. "Bai kamata ya zama haka ba ko a shekara ashirin."

"To me ya cinye shi?"

"Gishiri, mana. Ruwan nan ba ya barin ƙarfe. Shi ya sa ake sa waɗannan." Ta nuna wasu dunƙulallun ƙarafa masu girman bulo da aka ɗaure jikin ginshiƙan da noti. "Tutiya ce. Ta fi ƙarfe saurin cinyewa a ruwan gishiri. In ka ɗaure ta jikin ginshiƙi, jiki da jiki, sai gishirin ya ƙyale ƙarfen ya koma kanta. Ita za ta yi ta zaizayewa, in ta ƙare a kawo sabuwa."

"Waɗannan kuwa ban ga sun zaizaye ba."

"Abin da ya dame ni ke nan. Bayan shekara huɗu ya kamata su koma kamar ragowar sabulu. Ga su nan cif-cif, ko gefe bai gutsure ba." Ta matsa kusa, ta shafa ɗaya da yatsa, ta yamutsa fuska. "Kuma dubi yadda suke ƙyalli. Wannan kankara ce ta burushin waya, sabuwa fil. Ko gansakuka ba ta sake kamawa ba."

Guda takwas suka ƙirga masu ƙyalli, dukkansu a sahun sama, inda hannun mutum zai kai in ruwa ya janye.

Sufeto ya sa mai nutso na 'yan sanda ya sauka ya kwance ɗaya daga sahun ƙasa, inda ruwa ba ya taɓa bari. Bayan minti ashirin mutumin ya ɗago da ita ya dire a kan katako. Da aka goge lakar sai ga ta shuɗiya shar, gaba da baya, fenti mai kauri har shafi biyu.

Injiniya Ortiz ta dafe kai.

"Wane ne ya yi wannan? An shafe ta da fenti, ruwa bai taɓa ta ba, ita ba ta taɓa ƙarfen ba. Daidai yake da ba a sa komai ba."

"Ana iya gyarawa?"

"Da an faɗa da wuri, me zai hana? A rufe tashar mako guda, a kwance su duka, a ɗaura sababbi. Amma sai shugaban ma'aikata ya nema a rubuce, ya kuma faɗi dalili."

Mai fentin tashar wani mutumin Maraɗi ne, Mahamadou, dogo siriri, mai kiran kowane jami'i "shef" irin na mutanen ƙasarsu. Sufeto ya same shi a ɗakin ajiyar kaya yana jera gwangwanaye da ba su buƙaci jerawa ba.

"Malam Mahamadou, ka san wannan?" Ya ajiye shuɗiyar tutiyar a kan benci.

"Wallahi, shef, ban taɓa ganinta ba. Ni abin da ke saman ruwa nake shafawa."

"Shekara nawa kana aiki a nan?"

"Shida."

"Fentin wa ke nan?"

"Shuɗi ai ko'ina akwai shi."

Sufeto bai yi musu ba. Ya ce ya biyo shi ofis. A bangon ofishin akwai wani babban hoto cikin gilashi, na ranar da aka buɗe tashar bayan gyara. Masu kamfani da baƙinsu sun sha kwat suna murmushi, an ja jan ƙyalle. A gabansu an jera dunƙulen tutiya sahu-sahu kamar kayan lefe, kowacce shuɗiya kalar tambarin kamfani. A can gefe ga Mahamadou, rigar aikinsa duk shuɗi.

"Wannan ƙaninka ne?"

Mahamadou ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Shef, ina da iyali."

"Fataw ma yana da su. Wa ya sa ka?"

Mahamadou ya murza hularsa a hannu.

"Alhaji ne. Ana jibi baƙi za su zo aka kawo su, launinsu toka-toka, ba kyan gani. Ya ce ba za a tarbi manya da ƙarfe tsirara ba, kuma shi tun yana Kumasi fenti ya sani maganin tsatsa. Ya ce in shafe su sau biyu. Har da hannunsa ya taya ni."

"Ba wanda ya ce masa kuskure ne?"

"Wa zai faɗa? Ni ban ma sani ba. Fataw ne ya sani, shi kuma ranar bikin ya gan su, baƙi na tsaye suna jira ya sauka da ta farko a yi tafi. Na ga fuskarsa ta canza. Ya dubi Alhaji, Alhaji na ta dariya da masu kamfani. Sai kawai ya ɗauka ya shiga ruwa."

"Daga baya fa?"

"Daga baya na ji yana yi masa magana a bayan ɗakin nan, a durƙushe. Alhaji ya ce a bari ƙura ta lafa, za a gyara. Shekara huɗu ke nan ƙurar ba ta lafa ba."

Sufeto ya dubi hoton. Alhaji Mutaru na tsakiya cikin babbar riga, fuskarsa cike da farin ciki na mutumin da ya fita kunyar baƙi. Abin ya ba shi haushi, ya kuma ba shi tausayi, bai san wanda ya fi yawa ba.

Daura da tashar akwai wani fili da ake tara tsofaffin motoci, mai filin kuma ya kafa kyamara tana kallon titi saboda ɓarayin batir. Ranar Alhamis da safe Sufeto ya zauna a rumfarsa ya sa aka mayar da hoton zuwa safiyar Talata.

Ƙarfe shida da minti ashirin motar Alhaji ta tsaya a ƙofar tashar. Mutum biyu suka fito. Ɗaya ya buɗe but ya ciro jak, ɗayan ya ɗauki katako.

Shida da minti hamsin da biyu kan gadar, wanda ake hangowa ta saman shinge, ya karkata ya ɓace. Tsuntsaye suka tashi.

Daga nan ba abin da ya motsa a ƙofar. Ba wanda ya fito da gudu, ba wanda ya tsayar da mota a titi. Sufeto ya duba takardar masu karɓar kiran gaggawa: kiran Alhaji ya shigo ƙarfe bakwai da minti talatin da ɗaya.

Minti talatin da tara. Ya sake ƙirgawa ko ya yi kuskure, bai yi ba.

Yana fitowa daga rumfar wayarsa ta yi ƙara. Likitar da ta duba gawar ce. Ya saurare ta har ta gama, ya yi godiya, sannan ya jingina da motarsa ya rufe ido. Da ya buɗe, sai ya kira wani abokin aikinsa ya ce ya same shi a tashar da mota mai fitila.

Alhaji Mutaru na ofis shi kaɗai, ya idar da azahar ke nan yana naɗe darduma. Sufeto ya rufe ƙofa, ya ajiye shuɗiyar tutiyar a kan tebur, ya kunna rikoda. Ya karanta masa haƙƙinsa da Turanci kamar yadda doka ta ce, ya maimaita da Hausa: yana iya yin shiru, yana iya neman lauya.

"Wahab, ni kake karanta wa wannan?"

"Kai nake karanta wa, Baba."

"Na goya ka a kafaɗata a Morrisania."

"Ban manta ba. Ƙarfe nawa ka iso nan ran Talata?"

"Na faɗa maka, bakwai da rabi."

Sufeto ya ajiye hoton da ya ciro daga kyamara. Mota, mutum biyu, jak da katako, ga lokaci a rubuce a kusurwa.

Dattijon ya dubi hoton, ya dubi tutiyar. Carbin da ke hannunsa ya zame ya faɗi ƙasa, bai sunkuya ya ɗauka ba.

"Ba na son lauya," in ji shi can ƙasan maƙoshi. "Kwana biyu ban runtsa ba. Tambayi abin da za ka tambaya."

"Wa ya sa a shafa fentin?"

"Ni ne. Na ɗauka alheri nake yi. Shekara goma ina shafa wa motoci da ƙofofi fenti kafin in zo ƙasar nan, ban taɓa ganin ƙarfen da fenti ya cuta ba. Da Fataw ya fahimtar da ni, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige."

"Me ya hana ka faɗa wa manaja?"

"In ce masa me? Mutum arba'in da ɗoriya na kawo ƙasar nan. In na shiga masallaci tashi ake yi. In je gaban yaron da na girme wa ubansa in ce na yi kuskuren da ɗan koyo ba zai yi ba? Kafin magariba labari ya kai gida, ya kai Nima, ya kai Kumasi." Ya girgiza kai. "Kullum sai in ce wata mai zuwa."

"Rahotannin nan uku fa?"

"Ni na roƙe shi. Duk shekara sai ya zo gidana ya durƙusa ya ce, Baba, ƙarfen nan yana ci. Ni kuma in ce, Fataw, ka rufa min asiri bana kaɗai. Yaron bai iya ce min a'a ba. Bai taɓa iyawa ba, ni kuma na san haka."

"Bana ya ce a'a."

"Ya ce. Ran Juma'a ya ce min ginshiƙi biyu sun kusa rabuwa, manyan motoci na bi ta kai, ba zai ɗauki ran mutane a wuyansa ba. Yana faɗa yana kuka. Na ce saura wata biyu in ajiye aiki, ya bar ni in fita da mutuncina. Ya ce ba zai sa hannu ba, amma zai tokare gadar kafin nan don kar ta faɗa wa kowa. Shi ya sa muka zo kafin ma'aikata. Ni nake miƙa masa katako daga tudu. Yana ɗaga jak ɗin na ji ƙara."

A waje injin wani jirgi na ta gurnani.

"Sai me ya faru, Baba?"

"Na kira shi sau uku, bai amsa ba. Ƙafarsa kaɗai nake gani ƙarƙashin ƙarfe, ba ta motsi. Na ce ya cika. Na ciro waya zan kira, sai idona ya faɗa kan shuɗin nan, ruwa ya janye duk sun fito fili. Zuciya ta ce min shi dai ya riga ya tafi, kai ne za a tozarta. Na ɗauko burushi na shiga." Ya dubi tafin hannunsa, duk sun sassale. "Ina kankara ruwa na hawowa, har ya kai min ƙugu. Da na ga ba zan kai sauran ba na fito na canza kaya na kira."

"Sannan ka miƙo min fayil ɗinsa."

"Na miƙa." Ya sunkuyar da kai. "Wannan ya fi komai muni, na sani."

Sufeto ya so ya tsaya a nan. A shekara goma sha shida na aikinsa bai taɓa jin magana ta yi masa nauyi a baki irin wadda ta rage ba. Amma ba tasa ba ce da zai riƙe.

"Ba shi ne ya fi muni ba, Baba. Ɗazu likita ta kira ni. Ƙarfen ya karya masa ƙafa da haƙarƙari, ya buge shi a kai ya suma. Bai kashe shi ba. An sami ruwan gishiri cike da huhunsa."

Alhaji ya ɗago a hankali.

"Ban gane ba."

"Yana numfashi lokacin da kake kankara. Ruwan da ya kai maka ƙugu shi ya rufe masa fuska. Motar 'yan kwana-kwana minti bakwai take yi zuwa nan."

Dattijon ya zame daga kujera ya durƙushe a ƙasa, ya dafa tebur da hannu biyu. Da kukan ya zo, irin wanda ba a so a ji daga bakin tsoho ne. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Taki goma ne tsakanina da shi. Wahab, taki goma."

Sufeto ya bar shi har ya lafa. Shi ma idonsa ya kawo ruwa, bai ɓoye ba. Sannan ya tura masa takarda da biro.

"Ka rubuta duka. Ka rubuta wanda ya sa fenti, da wanda ya roƙi a sa hannu, da abin da ya kai Fataw ƙarƙashin gadar. Matarsa da 'ya'yansa suna jiran wannan takardar fiye da yadda alƙali ke jiranta."

Alhaji ya rubuta shafi biyu, ya sa hannu.

Abokin aikin Sufeto ya ciro ankwa, Sufeto ya karɓa daga hannunsa. In dai za a sa wa Alhaji Mutaru ankwa, ya ga bai dace ya bar wa baƙo ba. Ya sa masa ta gaba, bai matse ba.

Da suka fito, ma'aikata sun taru a fili, manaja na tsaye a bayansu. Ba wanda ya yi motsi. Alhaji ya tsaya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, ku saurara. Abin da aka faɗa a kan Fataw ƙarya ne, ni na ƙaga shi. Ni na lalata gadar nan, shi ya shiga ne don kar ta faɗa muku. Ku je Highbridge yau ɗin nan ku faɗa wa Tahiratu, ku faɗa a gaban 'ya'yanta."

Mahamadou ne ya fara cire hula ya rufe fuska da ita.

A bakin mota Sufeto ya buɗe ƙofar baya, ya dafa kan dattijon don kar ya bugu. Alhaji ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya tsaya ya waiwayo.

"Yaushe za a ba da shi?"

"Gobe da safe. Za a yi masa salla bayan Juma'a."

"Wahab, shekara ashirin da biyu duk ɗan Zangon da ya rasu a Bronx ni nake yi masa wanka. Wa zai wanke Fataw?"

Sufeto ya dubi hannuwan nan biyu da ke cikin ankwa.

"Za a sami wani, Baba," in ji shi, ya rufe ƙofar.